Farar Ƙasar Egya Bentum

Ekow Bentum mai ƙona katantanwa ne a Asankurom, wani garin masunta a gaɓar tekun Fante. Tun bai tsufa ba ake ce masa Egya Bentum, wato baba, saboda gashin kansa da girarsa kullum fari fat suke da ƙurar aiki. Wurin kawunsa ya gaji sana'ar. A kwaso katantanwa daga bakin tafki, a jera ta a rami, itace hawa ɗaya, katantanwa hawa ɗaya, a cinna wuta ta ci kwana uku. Abin da ya fito a zuba masa ruwa ya narke, ya zama farar ƙasa. Da ita ake kama dutse da dutse, da ita ake shafe bango.

A duk garin ba mai gidan dutse sai Turawa. Kogi ne ya ratsa Asankurom ya faɗa teku. Gabas da bakinsa gidan Ingilishi, yamma gidan mutanen Holan, kusa da juna har in mai gadin wannan ya yi hamma na wancan yana kallo. Rabin igwoginsu na duban teku, rabi na duban maƙwabci. A can ƙasashensu ma maƙwabta ne, ɗan siririn teku ne a tsakani, kuma a shekarun nan sarakunansu ba sa gaba. Amma abin da ya kawo su guda ne: zinariya, hauren giwa, da mutanen da fatake ke gangarowa da su daga cikin ƙasa. Kowane gida yana da takarda a akwati mai cewa shi kaɗai gari ya yarda ya yi ciniki a nan. Takardun biyu duk na gaske ne. Dattawa sun dangwala wa na farko hannu, da na biyu ya zo suka ga rashin kunya ne a hana baƙo abin da aka ba ɗan'uwansa.

Iskar teku tana cin bango, don haka gidajen biyu ba su iya rabuwa da Bentum. Raminsa yana bakin kogi, inda kowa ke gani daga saman katangarsa, kuma ya tsara abin bi da bi: ƙunar wannan wata ta Ingilishi, ta wata mai zuwa ta Holan, kwando ɗaya bai fi ɗaya ba. Bai taɓa tambayar wane ɗaki za a shafa ba, ko na kwamanda ne a bene, ko na ƙasa inda ake tsare masu jiran jirgi. Ana faɗin wannan a kansa, kuma gaskiya ne. Abin da ya sani shi ne kowa na karanta hayaƙinsa. In ya yi yawa, wani zai ƙara katanga. Sabuwar katanga kuwa igwa take jira.

Shekara talatin yana haka ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sai wata damina bangon gidan danginsu na uwa ya zube, karo na uku. Yayarsa, Ekua Mansa, ita ce babba a gidan, kuma bakinta bai san tsufa ba. Ya je dubiya ya same ta tana juya kifi a kan murhun banda, kaji na shiga ɗakinta ta inda bango ya faɗi.

"Sannu da zuwa, mai gyara gidan mutane," ta ce. "Shigo ta nan, ƙofa ta ƙaru."

"Yaya, ai ruwan bana ne."

"Ruwan bana bai sauka a gidan Jan Gemu ba? Ko Mai Tari lema yake riƙe wa bangonsa?" Haka ake kiran kwamandojin biyu, Jan Gemu na Holan, Mai Tari na Ingilishi. "Ekow, a ɗakin nan aka haife ka. Ka shafe gidan kowane mai jan kunne a gaɓar nan fari fat, uwarka kuwa tana kwance a kabari ƙarƙashin taɓo. Ko sai na mutu za ka shafa mini a fuska?"

Ya ci kifinta ya tashi. Amma maganar ta zauna masa, ya yanke cewa zai yi ƙuna ɗaya tak ta kansa, ya ɗaga bangon da dutse, ya shafe shi fari.

A bakin kogi ba zai yiwu ba, don duk abin da ya fito daga wancan rami yana da mai shi tun kafin a cinna wuta. Sai ya tuna gonar danginsu a kan tudun da ke bayan gari. Akwai itace, akwai dutse, ƙasar kuma tasu ce. Abin da bai auna ba, ko ya auna ya raina, shi ne ta kan tudun nan hanyar fatake ke gangarowa, a nan take rabuwa biyu, reshe ɗaya zuwa kowane gida. Wanda ya zauna a wurin shi zai fara gaisawa da kowane ayari. Wanda ya ɗora igwa a wurin kuwa, cikin tsakar gidajen biyu zai riƙa leƙe.

Ranar Talata ba a shiga teku. Ita ce ranar da ake samun maza a gari, don haka ita ya zaɓa. Mutum arba'in na unguwarsu suka fito, Mansa da 'ya'yanta suka dafa dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da miyar barkono, aka kawo bammi. Tun hantsi ake jerin gwano daga tafki zuwa tudu, kowa da farin kwando a kai, ana waƙa. Wasu na haƙa rami, wasu na tara duwatsu. Da la'asar hayaƙi ya miƙe.

Daga can Bentum ya hango wani abu yana ƙyalli a saman gidan Holan. Ya juya gabas, nan ma wani na ƙyalli. Madubin hangen nesa ne. Ya daina waƙar da yake yi.

Washegari da safe Kobina Esuon ya hawo. Shi ne tafintan gidan Holan, tare suka yi wasan ƙasa da Bentum. Ya iso yana haki, sanye da tsohuwar rigar Bature da ta matse shi a hammata.

"Abokina, kashe ni za ka yi? Me ya hana ka haƙa raminka a gajimare gaba ɗaya?"

"Tumbinka ne zai kashe ka, ba ni ba. Zauna."

Esuon bai zauna ba. Ya kewaya ramin, ya tsaya kan tarin duwatsun, ya taɓa ɗaya da ƙafa. "Jan Gemu yana gaishe ka. Ya ce aiki ya yi kyau. Ya ce a tambaye ka, ta wa ce?"

"Tawa ce."

Esuon ya yi dariya har rigar ta yi ƙara. "Wannan amsar ta Bature ce, zan kai masa. Yanzu ba ni tawa. Ta wa ce?"

"Na ce maka tawa. Bangon Yaya Mansa zan ɗaga."

"Da dutse? Da farar ƙasa? Haba, Ekow. Wa ka taɓa gani a cikinmu ya yi haka? Ko sarkin gari da taɓo yake yaɓe. Mutum arba'in fa aka ƙirga jiya."

"Talata ce! Ina kake so su je?"

"Ni na san Talata. Shi Jan Gemu wata biyar ke nan da saukarsa, kuma wanda ya gada an kore shi ne saboda ciniki ya ragu. Jiya bai ci abinci ba. Cewa yake Mai Tari zai gina gida na biyu a nan ya tare hanya." Ya rage murya. "In sun ba ka wani abu, faɗa mini. Na rantse da teku ba zan ce daga bakinka na ji ba."

Bentum ya dube shi. Ya lura idon Esuon ba a kansa yake ba, kwandunan yake ƙirgawa. Nan ya fara tunanin ko abokinsa ya zo ne ya ji gaskiya, ko ya zo ya auna wurin.

Rana ba ta yi tsaka ba sai ga Ato Kuma, ɗan aiken Ingilishi, siririn mutum mai yawan murmushi. Ya hawo ta hanyar gabas da kwalbar barasa.

"Egya, barka da aiki. Na ga sawun babban mutum a nan. Kobina ne? Ashe har an fara zuwa duba gini."

"Tambaya ya zo yi, irin wadda ka zo yi."

"Ni? Gaisuwa na kawo." Ya ajiye kwalbar. "Sai dai Mai Tari ya ce, in mutum ya gaji da cin tuwo biyu ya zaɓi ɗaya, ya kamata a gaya wa mai ɗayan tuwon, kada ya yi ta dafawa."

"Je ka ce masa bangon yayata ne."

"Bangon Maame Mansa," Ato Kuma ya maimaita a hankali, kamar mai haddace sunan magani. "To. Igwa nawa bangon zai ɗauka?"

Kafin yamma maganar ta cika gari. A bakin kwalekwale ana cewa Holan sun saye shi. A kasuwar kifi ana cewa Ingilishi ne. Waɗanda suka ɗauki kwando ranar Talata suka fara tambayar juna wa ya sayi bammin da suka sha. Da Mansa ta kawo masa abinci ta zauna kusa da shi.

"Ekow," ta ce, "dube ni. Ni kaɗai ce a nan. Da gaske nawa ne?"

Wannan ta fi masa zafi fiye da duk sauran.

Ranar Alhamis dattawa suka kira shi gindin bishiyar taro. Mai magana da yawun sarki bai yi kwana-kwana ba. Garin yana kwance ne tsakanin tudu da gidajen biyu, duk harsashin da aka harba ta kan rufin mutane zai bi. An ga Holan na juya igwa biyu, an ga Ingilishi na sauke gangunan albarushi.

"Kashe wutar," in ji shi.

"Nana, ranka ya daɗe, gobe za ta mutu da kanta. In na kashe ta yau, cewa za su yi na ɓoye wani abu."

"To ka san yadda za ka yi ka cire idonsu daga tudun nan. Ka ji hukuncin dattawa: in bindiga ɗaya ta tashi saboda raminka, ƙafarka ba za ta sake taka garin nan ba."

Bentum ya koma tudu yana juya abin. Baki bai yi aiki ba, saura ido. In kwamandojin suka zo da kansu suka ga ƙanƙantar ramin, suka ga duwatsun ba su isa ko kusurwar katanga ba, sa'an nan ya gangara da su ya nuna musu kaji na shiga ɗakin Mansa, magana ta ƙare. Saura wa za a fara kira. A nan bai yi dogon tunani ba, don abin a bayyane yake ga duk wanda ya tashi a garin. In kana da maƙwabta biyu da ba sa ga maciji, ba ka kiran ɗaya yau ɗaya gobe. Na goben zai ce saura aka ba shi, ya ce an gama shirya magana kafin ya zo. Tare ake kiransu, a ba su kujeru masu tsayi ɗaya, a zuba musu daga tulu ɗaya. Haka ake yi a makoki, haka ake yi a sulhu. Mansa ma ta ce daidai ne.

Ya aika wa Esuon, ya aika wa Ato Kuma: Asabar da hantsi, a kan tudu. Bai ce wa kowa an kira ɗayan ba. Bai ga abin faɗa a ciki ba. Wa zai zaci za a kira shi shi kaɗai?

Su kuwa kowanne haka ya zata. Jan Gemu ya ɗauka mai ƙuna ya tsorata zai miƙa masa wurin. Mai Tari ma haka. Kowanne ya ɗebi soja goma sha biyu da tuta, don in an ba ka wuri sai ka kafa alama.

Asabar gari ya waye tas. Bentum ya yi wanka, ya yafa zanensa na sallar doya, ya ajiye kujeru biyu, ya auna su da tafin hannu. Ƙonanniyar katantanwa na tsibe a gefe, fara ƙal, ba a sa mata ruwa ba tukuna. Mansa na tsaye da tulu.

Kusan tare suka ɓullo, tuta ta gabas, tuta ta yamma. Duka suka tsaya cik. Bentum ya ga fuskar Esuon ta canza.

"Ekow! Me ka yi?"

"Baƙi na kira. Ce masa ya zauna."

"Baƙi? Kai, mahaukaci, cewa zai yi tarko ne!"

Jan Gemu ya faɗi wata magana da ƙarfi. Mai Tari ya mayar masa, tari na katse shi. Kowanne na nuna tutar ɗayan, kowanne ya zaro takarda daga ƙirji yana kaɗawa. Ato Kuma, ba murmushi yanzu, ya matso. "Egya, wai kowa cewa yake ga shaida nan, ya kama ɗan'uwansa a kan tudu da soja da tuta. Yi magana, don girman kakanninka."

Bentum bai san harshensu ba, kuma ya daina yarda da tafintocin. Ya ga abin da ya rage shi ne aikin ya yi magana. Zai jiƙa farar ƙasar a gabansu, ya dama, su ga ko kwando ashirin ba ta kai ba. Ya karɓi tulun daga hannun Mansa ya juye shi a kan tsibin.

Wanda ya saba ya san abin da ke biyo baya. Ƙonanniyar katantanwa in ta sha ruwa takan yi huci, ta tafasa, ta fashe tau-tau, farin tururi ya turnuƙe. Kwamandojin ƙila sun sani. Sojojin, waɗanda yawancinsu daga jirgi aka sauke su da zazzaɓi a jiki, ba su sani ba. Suka ji ƙara, suka ga hayaƙi a tsakaninsu.

Waɗanda suka ga abin ba su taɓa daidaita a kan wa ya fara harbi ba. Esuon ya ce daga gabas ne. Ato Kuma ya ce daga yamma. Mansa ta ce ita dai ta ga ƙaninta tsaye cikin tururi da tulu a hannu yana ta cewa, "Ruwa ne! Ruwa ne kawai!" Kafin tururin ya washe mutum uku na ƙasa. Kafin rana ta karkata igwogin gidajen biyu sun fara amsa wa juna, mutanen gari na gudu da tabarmi da tukwane zuwa cikin itatuwan kwakwa.

Yaƙin ya ci damina biyu. Kowane gida ya aika cikin ƙasa ya ɗauko mayaƙa, ya raba bindigogi, ya yi wa sarakunan hanya alkawari. Kowanne ya rubuta gida cewa maƙwabci ne ya fara gini a kan tudu, kuma a can aka yarda, aka turo jirage. Holan suka fara kama tudun. Da yake sun tarar da farar ƙasa a jiƙe da duwatsu a tare, suka ɗaga 'yar katanga suka ɗora igwa biyu. Ingilishi suka ce ga abin da muke faɗa. Da rani suka ƙwace ta suka ƙara mata tsayi, Holan suka ce ga abin da muke faɗa. Fatake suka ga hanyar ta zama ta harsashi, suka karkata da ayarinsu zuwa wasu garuruwan gaɓa. Asankurom ta tsage a kan kogi, na gabas suka bi Ingilishi, na yamma suka bi Holan, har yau ba a haɗa kwalekwale.

Bentum bai ga yawancin wannan ba. Kwana biyu da harbin, dattawa suka aiko masa da mai riƙe sandar sarki ya raka shi bayan gari. Bai yi musu ba. Ya ɗaure zanensa da wuƙarsa da ƙoƙon shan ruwa. A bakin hanya ya tarar da Mansa zaune kan kayanta.

"Ina za ki, Yaya? Ke ba a kore ki ba."

"In zauna in ci gaba da kwana da kaji? Ɗauki wannan, ya yi mini nauyi." Ya ɗauka. Sun yi 'yar tafiya ta ce, "Ni na sa ka. In wani ya tambaye ni, haka zan ce."

"Ba wanda zai tambaye ki."

Haka kuwa aka yi, ba wanda ya tambaya.

Suka zauna a bakin wani tafkin gishiri, tafiyar yini guda yamma. Ya koyi dafa gishiri wurin matan wurin, suna yi masa dariya saboda tsoho ne a cikin aikin mata, shi ma yana taya su. Sau biyu gidajen suka aiko a ɓoye a roƙe shi ya dawo ya yi ƙuna, don bangonsu ya sha harsashi kuma ba wanda ya iya jera rami kamarsa. Ya ba 'yan aiken ruwa da kifi ya sallame su. Mansa ta riga shi mutuwa da shekara huɗu. Shi ya yi shekara sha ɗaya a wurin.

Da ya rasu, 'ya'yan Mansa mata suka tafi Asankurom neman izinin kawo shi gida, don mutum a cikin dangin uwarsa ake binne shi, kuma hukuncin dattawa ƙafarsa ya hana, bai ambaci gawa ba. Gidan dangin yana gabas da kogi. Dattawan gabas suka zauna yini guda suka ce ba za su karɓi mutumin Holan ba, a kai shi yamma wurin waɗanda ya yi wa aiki. Matan suka haye kogi. Dattawan yamma suka ce kowa ya san Ingilishi ne suka saye shi, a mayar musu da kayansu. Esuon yana cikin masu zaman, ya tsufa, ya rame. Babbar cikin matan ta dube shi ta ce, "Kawu Kobina, kai fa kana wurin." Ya sunkuyar da kai ya ce shi abin da aka faɗa masa kawai ya sani, bai san abin da ke cikin ran mutum ba.

Suka koma bakin tafki a rana ta uku. Matan gishiri ne suka taya su haƙa, a wani ɗan tudun yashi inda ruwa ba ya kaiwa, suka binne shi kusa da yayarsa.